Alhamis Tara

Shafi na 14

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, wai na bar ku tsaye cikin ruwan sama, to ku shigo daga ciki ku zauna. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto mini cewa Manaja ba ta da laifi, karanta wannan shafin tukuna, sannan ki dawo mu yi magana.

*

Ƙwai dubu biyu suka mutu a injin ƙyanƙyasa na uku.

Labarin da aka wayi gari da shi ke nan ranar Laraba, kuma saboda shi Abba ya ce kowa ya same shi a ofis ƙarfe tara.

Manaja ce ta fara shiga. Ba ƙwazo ba ne ya kai ta da wuri, tsakar gidan ne ya gagare ta tsayuwa, ga ma'aikata suna ta fitar da tiren ƙwai suna zubawa a rami. Da ta wuce ta ƙofar ɗakin Kawu ta hangi jakarsa a ɗaure, an jingine ta da bango. Ta kau da kai kamar ba ta gani ba.

Sai kuma ta yi rashin sa'ar kujera. Wadda ta zauna a kai tana kallon bango, a bangon kuwa ga takardarta nan manne, an rubuta da jan rubutu manya-manya: SHIRIN KO-TA-KWANA.

Ita ta rubuta shi da hannunta, bayan ta dawo daga karatu Abba ya danƙa mata ragamar gidan ƙyanƙyasar, ma'aikata suka laƙaba mata Manaja har sunan ya bi ta. Abin da za a yi idan wuta ta ɗauke, idan ruwa ya shigo, idan cuta ta faɗa wa kaji, idan hanya ta yanke, duk yana ciki. Ni kaina da nake ba ku labari ba zan ci amanarta ba, shirin ya tsaru.

Kuma jiya, lokacin da iska ta kayar da turken wuta, gidan ya zauna babu lantarki tun ƙarfe goma na safe har bayan magariba, kun san inda take? Tana can wani ɗakin taro a gaban 'yan kasuwa, wayarta a kashe, tana koya musu yadda ake tsara irin wannan shirin. Har tafi aka yi mata.

Janareta kuwa ya ƙi tashi.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Yaya ne, babban wanta, wanda ke jan motar kai 'yan tsaki ga masu saye. Ya shigo rungume da batirin janareta, ya dire shi a ƙasa har tebur ya girgiza.

Abba ya biyo bayansa a hankali, da baƙin tabaran da yake sawa tun da aka yi masa aikin ido. Ya ja kujerarsa ya zauna.

Kawu ne ƙarshen shigowa. Ba ɗan'uwansu ba ne na jini, amma shekara ashirin da shida yana aiki a gidan nan, a ɗakin bakin ƙofa yake kwana, kuma a kafaɗarsa Manaja ta fara leƙa cikin injin ƙyanƙyasa tana 'yar shekara huɗu. Ya tuɓe takalmi, ya tsugunna daga bakin ƙofa ga kujera babu kowa. Hannuwansa biyu a naɗe da tsumma.

"Kawu, me ya sami hannunka?" ta ce, muryarta can ƙasa.

"Ruwan zafi ne, Manaja. Ba komai."

Yaya ya ja tsaki.

"Abba, ni ba na son doguwar magana. Makanike ya duba, ya ce batirin nan ya mutu murus, kamar wanda ya yi wata biyu ba a waiwaye shi ba. Famfon mai ma ya toshe, ya ce gyara sai gobe. Ke, ba ni takardar gwajin nan."

Ta buɗe fayil. Wallahi da kun ga yadda ta miƙa masa takardar tana kau da ido da kun tausaya mata, ko da yake ni ban tausaya ba.

Yaya ya shimfiɗa ta a gaban Abba yana bin layi da yatsa.

"Ga shi nan. Duk Alhamis ana tayar da janareta a gwada shi, ta sa hannu. Ga Alhamis ɗin da ta wuce, lafiya ƙalau. Ga ta bayanta, lafiya ƙalau. To batirin da yake lafiya ƙalau ranar Alhamis, ta yaya zai zama gawa ranar Talata? Sai dai idan ba namu ba ne. An ɗauke namu, an sa mana wannan."

"Wa ya ɗauke?" in ji Abba.

"Wa ke kwana a gidan?"

Yaya ya faɗa, idonsa a kan Kawu.

Bari in tsaya nan in tuna muku abin da ku kuka sani, Abba da Yaya ba su sani ba.

Da can Kawu ke kula da janareta. Kullum da safe sai ya tayar da shi, ya kara kunne a jikinsa kamar likita, ya gyaɗa kai, ya kashe. Da Manaja ta zo ta ce ɓarnar mai ce.

"Kawu, wannan ai tsohon yayi ne. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma a rubuce."

Ta sayo sabon kwaɗo ta rufe ɗakin, ta jefa makulli a jakarta. Alhamis ta farko ta gwada, ta biyu ta gwada, har aka yi wata uku. Sai wata Alhamis baƙi suka zo, ta ce gobe. Goben ba ta zo ba. Da ta ga gurbi fayau a takarda sai ya yi mata muni a ido, ta ɗauki biro ta cike shi tana zaune a kujerarta. Na farkon ne kawai ya yi mata nauyi.

Abba ba ya zuwa sosai saboda ido, Yaya kuma ranar Alhamis yana kan hanya. Kawu ne kaɗai ke leƙowa ofis.

"Manaja, yau Alhamis."

"Na riga na yi, Kawu, lokacin da ka fita."

Sai ya kalle ta, ya ce to, ya juya. Janaretan da idan ya tashi har maƙwabta sai sun rufe taga!

To mu koma ofis.

"Kwaɗon ma a fashe yake," Yaya ya ci gaba. "Wa ya san tun yaushe aka fasa shi?"

"Jiya na fasa shi," Kawu ya ce. "Na kira wayar Manaja ba ta shiga, taka kuma kana hanya. Makulli ba ya hannuna."

"Sannan ka hura gawayi a bakin ɗakin ƙyanƙyasa! Ga shi can a bango, an hana kusantar wurin da wuta. Da gobara ta tashi fa?"

Abba ya ɗaga hannu, Yaya ya yi shiru.

"Malam, inji uku ne da mu. Yaya aka yi biyu suka tsira?"

Kawu ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi.

"Yadda muke yi da can ne, Maigida, kafin mu sami janareta. Na dafa ruwa na ɗura a kwalabe, na jera a ƙasan inji, na lulluɓe da barguna. Ina buɗe ƙofa lokaci-lokaci su sha iska, ina juya tire da hannu. In na ɗauki ƙwai na kara a fatar idona, ina gane ko ɗumin ya yi ko bai yi ba. Ruwa ya hana sauran ma'aikata isowa, ni kaɗai ne. Na yi ta kai-komo tsakanin biyu, na uku ya fi ƙarfina. Ka yafe ni."

"Ina ka sami barguna da kwalabe?"

Kawu ya saci kallon Manaja.

"Suna ƙarƙashin gadona."

Manaja ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ce ta sa a kwashe su daga sito a zubar, ta ce tarkace ne, gidan zamani ba ya ajiye tarkace. A gaban ma'aikata ta faɗa, har suka yi dariya.

Abba ya juyo da baƙin tabaransa wajenta.

"Uwata."

"Na'am, Abba."

"Ranar Alhamis kin tayar da janareta?"

"Ga shi a takarda, Abba."

"Ba takarda na tambaya ba. Ke na tambaya."

Ta kalli batir, ta kalli Yaya da ya tsare ta da ido, ta tuna ranar da Abba ya miƙa mata makullan ofis ya tsallake babban ɗansa, yana cewa ita ce mai tsari. Ta tuna tafin jiya.

"Na... na tayar."

Ai kuwa ta faɗa. Ina jin ku kuna salati, ni ma na yi.

Kawu ya ɗago ya dube ta sau ɗaya. Ba harara ba ce, da harara ce da ta fi sauƙi. Irin kallon da yake mata ne tana ƙarama idan ta fasa ƙwai ta ɓoye hannu a baya.

"Ka ji ko, Abba?" Yaya ya buga tebur. "To saura wa? Kawu, ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah, ina batirinmu?"

"Maigida, a bar maganar nan haka," Kawu ya ce. "Duk abin da aka ce na yi, na yi."

"Ba haka ake magana ba, Malam," in ji Abba a hankali. "Dube ni. Kai ka ɗauke batirin?"

Daga waje ana jin ƙarar shebur, ana rufe ramin ƙwai.

Manaja ta buɗe baki. Na rantse ta buɗe. Amma babu abin da ya fito sai iska.

"Ni ne," Kawu ya ce.

Ya sa hannunsa mai tsumma a aljihu, ya zaro tarin makullai da ƙyar, na ƙofar gida, na sito, na ɗakin ƙyanƙyasa. Ya taso ya ajiye su a gefen tebur, daidai kan takardar gwajin.

"Ƙwan da suka rage jibi za su fara fasowa. A daina juya su daga yau, a ƙara musu ruwa a tire. Na gode da zaman da aka yi. Abin da na yi ba daidai ba a yafe mini."

Ya juya wajenta.

"Manaja, Allah ya ba da sa'a."

Tana kallon yatsun ƙafarta har ya sa takalminsa, har takunsa ya ɓace.

Yaya ya sauke numfashi ya zauna.

"Shekara ashirin da shida, a ce mutum ya ƙare da satar batir. Kai, duniya!"

Abba ya daɗe a zaune, kansa a juye wajen 'yarsa, kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti. Da ya ga shirun ba mai ƙarewa ba ne, sai ya cire tabaran ya ajiye. Idon da aka yi wa aiki ja wur, yana ruwa.

Ya zaro hankici daga aljihu, a ƙulle. Ya kwance shi a kan tebur.

Ɓawon ƙwai ne a ciki. Ƙanana, masu ruwan ƙasa, ba irin fararen da suke sawa a inji ba.

"Mene ne wannan, Abba?" in ji Yaya.

"Da sassafe na shiga ɗakin janareta kafin ku zo. Idona ba ya gani sosai, sai na bi da hannu. A cikin murfin injin na same su, gefen batir, a kan sheƙar ciyawa. Akwai kafar iska a bayan ɗakin, ta nan kazar maƙwabta ta riƙa shiga."

Ya ɗauki ɓawo ɗaya ya juya shi.

"Dubi fashin. Ba ɓera ba ne, ba faɗuwa ba ce. Daga ciki aka fasa shi. Na bi kukansu har bayan ɗakin Malam, na tarar ya kife su da kwando, uwa da 'yan tsaki takwas. Jiya da ya fasa kwaɗo ya gan su, ga ƙwai dubu shida suna hucewa, amma sai da ya tsaya ya kwashe su ya ɓoye don kada wani ya gani. Ɓawon ne kawai ya manta."

Ya dube ta.

"Uwata, a gidan nan aka haife ki. Kwana nawa kaza ke kwanci?"

Hawaye suka zubo mata.

"Ashirin da ɗaya."

"Kafin ta kwanta, kwana nawa za ta yi tana saka ƙwai takwas?"

"Abba, don Allah..."

"Amsa mini."

"Kwana goma. Ko fi."

"Wata guda ke nan da ɗoriya. To wace kaza ce za ta yi wata guda a cikin injin da ake tayarwa duk Alhamis?"

Yaya ya miƙe tsaye a hankali. Ya kalli ɓawon, ya kalli takardar, ya kalli ƙanwarsa.

"Ke! Ba ki tayar ba?"

Ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Ban tayar ba."

"Tun yaushe?"

"Alhamis tara." Kuka ya ci ƙarfinta. "A kujerar nan nake cikewa. Batirinmu ne, Yaya, babu wanda ya canza shi, zama ne ya kashe shi. Kawu yana tuna mini duk mako, ina ce masa na yi. Abba, ka yafe ni, kunya ce ta hana ni..."

"Kunya?" Abba ya ce. "Kunyar wa? Kin ji kunyar a ce takardarki tana da gurbi, ba ki ji kunyar a kira shi ɓarawo a gabanki ba?"

Yaya ya dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi. Ni na ce masa ɓarawo. Da bakina. Abba, ka sani tun safe, me ya sa ka bar ni na yi ta zuba?"

"Ita nake jira." Muryar Abba ta karye. "Na ce idan na tambaye ta kai tsaye za ta faɗa. Ba ta faɗa ba. Na ce idan ta ga an ɗora masa sata za ta faɗa. Na ce to, idan ya ajiye makullai ai dole. Na yi ta ƙara mata lokaci da mutuncin bawan Allah, kamar nawa ne. Ni ma ban fita ba, ni ma da nawa laifin."

Ya share idonsa da bayan hannu.

"Ƙwai dubu biyu ba su dame ni ba, mun yi asarar da ta fi wannan muka tashi. Amma mutumin nan shekara ashirin da shida bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko ta wasa. Yau ya dubi idona ya yi, kuma saboda ke ya yi."

Da Abba mari ya kwaɗa mata da ta fi jin daɗi. Ta kifa fuskarta a gwiwa, tana jin kanta ƙarama, ƙazama, wadda ba ta cancanci ko kujerar da take kusa da ita ba.

"Tashi," Abba ya ce wa Yaya. "Maza ka kira mini shi. Ka ce ni ne nake roƙonsa."

Yaya ya fita da gudu ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Suka zauna su biyu. Ta taga ana ganin hadari ya sake haɗowa daga gabas, ofis ya fara duhu da hantsi. Fanka na juyawa a kansu.

Minti biyar. Minti goma.

Yaya ya dawo yana haki, riƙe da kwando. Daga ciki ana jin kukan 'yan tsaki.

"Ya tafi, Abba. Ɗakin a buɗe, jakarsa ba ta nan. Mai shagon bakin titi ya ce ya ga ya hau mota, bai san ta ina ba. Wayarsa ma ga ta nan, ya bar ta kan tabarma, ya ce wa mai shagon ta gidan aiki ce."

"Ƙauyensu fa?"

"Gadar can ai ruwa ya shanye ta tun jiya. Ban san inda zai nufa ba."

Manaja ta miƙe.

"Ni zan nemo shi. Ko ina yake zan je in durƙusa masa, in faɗa a gaban kowa..."

Ba ta ƙarasa ba iska ta buga taga.

Fitilar ofis ta yi ƙifta ɗaya.

Fankar ta yi juyi biyu a hankali, ta tsaya.

Daga ɗakin ƙyanƙyasa, gurnanin injuna biyun nan da kunne ya saba da shi har ba ya jin sa, ya ɗauke ɗif.

Ƙwai dubu huɗu, saura kwana biyu su faso. Janareta sai gobe. Barguna da kwalabe suna nan ƙarƙashin gado, amma kwalba nawa ake jerawa, zafin ruwan yaya yake, minti nawa ake buɗe ƙofa, wannan duk yana fatar idon mutum ɗaya, kuma ya hau mota.

Abba ya lalubi tabaransa ya mayar. Bai ɗaga murya ba. Kuma a karon farko tun da aka haife ta, bai kira ta Uwata ba.

"To, Manaja. Me takardarki ta ce a yi?"

Ta juya ta kalli bango. Ba ta buƙatar haske, ta haddace shi, jiya ma ta karanta wa mutane shi suka tafa.

Layin farko, da jan rubutu:

Idan wuta ta ɗauke, a tayar da janareta.